Ƙusar Garmar da Ta Ƙi Shiga

Kwanan baya ina zaune a zaure da hantsi, rediyo na gefena, sai na ji ana hira da wasu manya a kan gyaran da za a yi wa makarantun koyon sana'a. Wai za a sake tsari, a kawo sababbin injuna, a haɗa yara da masu sana'a na cikin gari, a riƙa ba su takardar shaida. Mai magana yana jero Turanci, mai fassara yana binsa da gudu yana tuntuɓe. Na saurara har suka gama. Irin wannan alkawari na ji shi da Turanci, na ji shi da Faransanci a ƙetaren iyaka, na ji shi da Larabci, kuma ko'ina da murya ɗaya ake yin sa. Da na kashe rediyon sai na tarar ba hukuma nake tunani ba. Wani tsohon abu ne ya motsa a ƙirjina, wanda na zaci tsufa ya riga ya cinye shi. Ƙyashin taubashina nake yi, har yau, da furfurata da komai.

Mu maƙera ne, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kurfi da Ɗantutture. Yaran yanzu agogon waya ke tashinsu, mu kuwa zuga-zugi ne. Da an sallame asuba Baba zai tona wutar jiya, ni kuma in zauna in sa fatun nan biyu tsakanin gwiwoyina, hannun dama ya sauka na hagu ya tashi, fuu, faa, har gawayi ya yi ja. Daga nan masaba ta fara. Bugun Baba daban yake da na kowa: biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan uwar maƙera, kamar mai magana yana numfasawa. Matan unguwa sukan ce da shi suke daidaita dakansu. Idan bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, rumfarmu takan cika tun kafin rana ta ɗaga, wannan da fartanyar da ta cinye, wannan da gatari, wannan da laujen da ya rasa haƙora. Aikina shi ne zuga, da ɗebo ruwan kasko da ake tsoma jan ƙarfe a ciki ya yi cuu, da bin kawunaina daji ƙona itacen ƙirya don gawayi. Mukan dawo baƙi ƙirin, idanu kaɗai ake gani. Yanzu in na ratsa kasuwar Dutsin-Ma sai in ga fartanyoyi a jibge kamar tumatir, duka kai ɗaya, tsawo ɗaya, an zubo su daga wata ƙasa mai nisa. Baba bai taɓa ƙera fartanya biyu iri ɗaya ba. In mutum ya zo, sai ya ce masa, “Duƙa in gani.” Mutumin ya duƙa kamar yana noma, Baba ya dubi bayansa, ya kama tafinsa ya juya, ya tambaye shi gonarsa jigawa ce ko laka. Sannan ya zaɓi ƙarfe. Abu biyu yake nanata mini kullum. Na ɗaya, “Dubi mutumin tukuna.” Na biyu, “Kada ka ramar da ƙarfe. Bar masa jiki, ƙasar nan tsakuwa gare ta.”

Taubashin nawa Buba ne, ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke aure a wata rugar Fulani da suka daɗe da zama wajen Dabawa. Sa'ana ne, watanni ne tsakaninmu. Dogo siriri, ga wuya kamar na zalɓe. Ya san kowace saniya ta gidansu da sunanta, amma in ya zo maƙera nesa yake tsayawa, tartsatsi ɗaya ya tashi sai ka gan shi a waje.

“Bawana, zo ka kama mini zuga,” in ce masa.

“Ni? In zauna ina hura wuta kamar tsohuwa? Kai dai da aka haifa cikin toka.”

“To mi ka iya ban da bin wutsiyar saniya?”

“Nonon da ka sha jiya har kana lashe ƙwarya, daga bakin masaba ya fito?”

Baba yakan yi murmushi bai ɗaga kai ba. Wasan taubasai ne, ba mai shiga.

Shekara ɗaya aka ɗauke mu makaranta, da ni da shi, ba don iyayenmu sun so ba. Muka yi elementare a Kurfi, muka wuce siniya firamare ta kwana a Dutsin-Ma. Ni kaina ya kama karatu, musamman Turanci, har hedimasta yakan tsayar da ni in karanta wa baƙi. Buba kuwa yana can tsakiyar aji, ba a yabonsa ba a dukansa. A cikin shekarun nan ne garmar shanu ta fara yawa a ƙasarmu. Malaman gona suka kawo ta, manoma suka ga aikin kwana goma yana ƙarewa a wuni biyu. Amma in ta lalace sai a kawo wa Baba, shi kuma ya juya ta ya sake juyawa. Bakin garmar yana iya gyarawa. Ƙusoshinta masu zare da notinansu su ne suka gagare shi. Manomi zai saɓa garmarsa ya fita, ya je ya jira a aiko da kayan gyara daga birni, damina tana wucewa. Na sha ganin Baba yana bin bayan irin wannan manomi da kallo har ya ɓace. Mutumin da duk ƙarfen yankin ke bi ta hannunsa, ga ƙarfe ya zo har rumfarsa ya fita bai gaishe shi ba.

Sai ga sabon tsari daga hukuma. Aka ce daga yanzu ba kowane yaro ne zai bi hanyar alƙalami ba. An buɗe makarantar koyon sana'a a birni, da sashen katako da na gini da na ƙarfe, kowace siniya firamare za ta aika da nata. Makarantarmu gurbi ɗaya aka ba ta a sashen ƙarfe. Da na zo hutu na gaya wa Baba, sai ya ajiye awartaki. Ban taɓa ganin ya ajiye aiki ƙarfe na ja ba sai ran nan.

“Suna koyar da yadda ake yi wa ƙusa zare?”

“Haka aka ce, Baba. Har da haɗa ƙarfe da ƙarfe ba tare da an buga ba.”

Can ya ce, “Ashe bokon nan yana da rana. To ka tahi ka ɗebo mana. Duk abin da ke hannunsu ka kawo shi rumfar nan, ni kuma in ba ka abin da ke nawa.”

Tun daga ranar gurbin nan ya zama nawa a zuciyata, kuma a zuciyar kowa. Wa zai yi takara da ɗan maƙeri a kan ƙarfe? Mu shida muka ba da suna. Buba ya sa nasa ne kawai don an ce ranar jarrabawar ba za a shiga aji ba, kuma akwai lissafi ran nan.

Mai jarrabawar wani Banufe ne gajere mai faɗin hannu, da wando kaki da fensir a bayan kunne. Tun da ya sauko daga mota ya fara tsokanarmu, wai an ce masa Katsinawa baki gare su, yau zai ga ko akwai hannu. Aka fito da tebura ƙarƙashin bishiyar maina, ya ɗaura wa kowanne matsin ƙarfe. Ya ba kowa guntun rodi, da magagari, da rula, da takarda mai zanen ƙusa da lambobi a gefe. Ya ce wannan ita ce ƙusar da ke riƙe ƙafar garma, mu goge rodin har ya zama ita, daga yanzu zuwa kiran azahar. Na duba ko'ina ban ga wuta ba. Ƙarfe da sanyinsa, ba zuga ba masaba! Na ji raini ya kama ni. Amma na ɗaga hannu, don akwai abin da ba a fara aiki sai an san shi.

“Malam, garmar wa ce?”

“Kamar yaya garmar wa?”

“Shanunsa manya ne ko ƙanana? Gonar jigawa ce ko tsakuwa?”

Ya yi dariya har fensirin ya faɗi. “Garmar takarda ce, Bakatsine. Gonarta ga ta nan a gabanka. Bi abin da ka gani.”

Na dubi lambar kaurin, na auna ta a rula, na gwada da ɗan yatsana. Siririya. Na tuna gonakin Ɗantutture, na tuna bijiman da ke jan garma a can, na ce a raina wannan ba za ta kai Juma'a biyu ba za ta karye. Wanda ya zana ta bai san ƙasarmu ba. Saboda haka na bar mata jiki, kaɗan dai, kamar kaurin farce. Na zagaye kanta sumul, na goge ta har tana ɗaukar ido, na ja mata layi uku a wuya irin alamar da Baba ke sa wa aikinsa. Tun rana ba ta take tsaka ba na gama, na zauna ina kallon sauran. Buba yana teburin kusa da ni, gumi har haɓa, harshe a waje. Ya riƙe magagari kamar sandar kiwo. In ya goga sau uku sai ya tsaya ya ɗora rula, ya dubi takarda, ya sake gogawa. Ya yanke yatsa, ya tsotse jinin, ya ci gaba.

“Bawana,” na ce a hankali, “tatsa kake yi ko gogewa?”

“Rabu da ni, ɗan toka. Ni ban san komai ba, abin da takarda ta ce shi nake yi.”

Da aka kira salla Banufen ya tattara ƙusoshin ya jera. Tawa ya fara ɗauka. Ya juya ta a rana, ya shafa ta da babban yatsa, ya dube ni, ya ce, “Ɗan wa ne kai?” Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Na ji kamar an riga an rubuta sunana. Sai ya buɗe buhunsa ya fito da wani guntun ƙarfe mai rami, ainihin wurin da ƙafar garma ke zama. Ya ɗora ƙusata a bakin ramin. Ta tsaya. Ya juya ta, ya danna, ta ƙi. Ya gwada sauran, biyu suka faɗa suna rawa a ciki, biyu ba su ma gama ba. Ta Buba ce ta ƙarshe, mummuna, duk zanen magagari, kanta a karkace, har da ɗigon jini. Ta shige sulub, ta zauna daram.

“Malam, ba ni magagari,” na ce. “Kafin ka gama alwala na rage ta.”

“Na sani,” ya ce. “Shi ya sa abin ya ba ni haushi. Hannunka ya fi na kowa a nan, har da nawa lokacin da nake kamarka. Amma wanda ya huda ramin nan yana can bayan teku. Bai san ka ba, ba za ku taɓa gaisawa ba. Takardar nan ita kaɗai ce maganar da ke tsakaninku, kai kuma ka ji ta ka ce ka fi shi sani.”

Hedimasta yana tsaye yana murna a ɓoye, don dama ya fi so in bi hanyar akawu. Buba kuwa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da akuyar wani.

A ƙasa muka tako gida da hutu, ni a gaba shi a baya, ba wanda ya tsokani wani. Na miƙa wa Baba ƙusar, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce, “Ƙusa ce mai kyau. Ni ma haka zan yi ta.” Na ji sanyi ya fara sauko mini. Sai ya ɗaga kai ya dubi bayana ya ce, “Ina ɗan Gwaggon naku? Matso nan.” Buba ya matso, karo na farko da na ga ya shigo har gaban wuta. Baba ya ce masa, “Idanunka nawa ne yanzu. Abin da ka gani duka, ka kawo mini.”

Uban Buba ya yi ta faɗa, wai ɗan Fulani da bugun ƙarfe, shanu ma dariya za su yi masa. Gwaggo ta ce ai jinin gidansu ne ya kira shi. Haka ya tafi. Ni kuma aka tura ni makarantar horon akawu.

Hutun farko Buba ya dawo da rigar aiki shuɗiya mai haɗe da wando, da rular ƙarfe a aljihun ƙirji. Yaran unguwa suka bi shi suna taɓa rigar. Ni da nake iya karanta jaridar Turanci daga farko har ƙarshe ba wanda ya bi ni. Sai in gan su da Baba, kai a haɗe, Buba yana zane a ƙasa da tsinke, Baba yana tambaya kamar ɗalibi. In Buba ya gama nasa, Baba ya ɗauki ƙarfe ya nuna masa yadda ake gane zafinsa daga launi, yadda ake sauraron ƙararsa a san ko akwai tsaga a ciki, abubuwan da ni sai da na shekara bakwai a kan zuga kafin a fara gaya mini. Shi a hutu ɗaya aka juye masa. Tuwo ya daina yi mini daɗi a gidanmu. In ya yi kuskure a gaban Baba sai in ji wani daɗi mai ɗaci, in yi istigfari, in kuma jira na gaba. Har wasan taubasai ya mutu a bakina, don in na ce masa bawana sai in ji maganar ta fito da ƙaya.

Aikin alƙalami bai cuce ni ba, kada in yi wa Allah butulci. Ya kai ni Kaduna da Ikko, ya kai ni Kumasi da Yamai, ya kai ni Sudan da Makka, har ƙasar Jamus na je ina yi wa manya tafinta. Amma duk garin da na sauka, in abokan tafiya sun nufi kasuwar tufafi, ni ƙarar ƙarfe nake bi. A Kumasi na ga unguwa guda ta makanikai, yaro yana shekaru a hannun maigidansa, ya iya sauke inji ya mayar amma bai iya karanta zane ba. A Maraɗi na ga maƙera irin Baba sak, har bugun nasu. A Jamus aka kai mu wata masana'anta, na ga yara suna wasu kwanaki a aji wasu kwanaki a gaban tsohon ma'aikaci, takarda a hannu ɗaya guduma a ɗayan. Manyan da nake yi wa tafinta suna ta mamaki suna rubutawa, wai za su kawo wannan tsari gida. Na fassara musu kowace kalma, ban ce musu na riga na ga irinsa a wata rumfar kara kusa da Kurfi ba. A wurinmu makaranta ba ta taɓa zuwa maƙera ta yi sallama ba, maƙera ma ba ta je makaranta ba. Kowace tana ganin ta fi. Mutum ɗaya na sani da ya ci daga akushin biyu, shi ma ba tsarin hukuma ne ya shirya haka ba, kawunsa ne ya ƙi girman kai. Yau samarin yankinmu suna kan babura suna jiran fasinja, makarantun sana'ar kuma injunansu sun yi tsatsa. In masu gyaran nan da gaske suke, su fara da zama a gaban tsofaffin da suka rage, su yi tambaya kamar yadda Baba ya yi. Uwar maƙerarmu tana Dutsin-Ma yanzu, a shagon jikokin Buba, kusa da injin walda. Baba da bakinsa ya ce a ba Buba ita, ina Sudan a lokacin. Ba wanda ya ga abin a karkace, har ni, a baki.

Amma ba ranar da aka ba shi ita na rasa ta ba. Na rasa ta tun wata bazara, shekarar da Buba ya gama makaranta ya dawo da akwatin kayan aiki, ni kuma na zo gida da albishir an ɗauke ni akawu. Da safe ne, rumfa cike. Na sa farar riga sabuwa da alƙalami a aljihu. Sai ga wani manomi daga Ɗantutture da garma a kafaɗa, babbar ƙusarta mai zare ta karye, ga hadari yana haɗuwa kullum. Irin garmar da a da take fita rumfarmu yadda ta shigo. Baba ya dubi Buba, Buba ya auna, ya ce, “Kawu, za ta yiwu. A ba ni wuta mai kyau.” Kafin kowa ya motsa na naɗe hannun riga na nufi zuga-zugi. Wurina ne tun ban fi tsawon ƙotar gatari ba. In ba zan buga ba, ai zan hura.

Har na durƙusa, sai na ji muryar Baba.

“A'a, Malam. Tartsatsi zai ɓata maka riga.”

Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, “kai” yake ce mini ko “yaron nan”. Ban san da wa yake ba sai da na ga kowa ni yake kallo. Ba gatse a fuskarsa, girmamawa ce tsantsa, kuma ita ta fi ciwo. Ya sa aka ɗauko buzun da ake shimfiɗa wa liman in ya zo, aka shimfiɗa mini a inuwa, can bakin rumfa inda masu jiran aiki ke zama. Sannan ya tattare rigarsa, tsoho da shi, uban maƙeran yankin, ya zauna ya sa fatun tsakanin gwiwoyinsa ya fara zuga wa ɗan ƙanwarsa.

Buba ya waigo ya dube ni. Na ga yana neman wata tsokana da zai jefo mini don abin ya yi sauƙi, bai samu ba. Ya juya ga wuta.

Manomin ya matso kusa da ni, ya cire hula, ya zaro wata takarda da ta sha ninki. “Malam, tun da Allah ya kawo ka, ko za ka duba mini wannan? Masu allurar shanu suka ba ni, ban san mi ta ce ba.”

Na karɓa. Masaba ta fara a bayana, biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan uwar maƙera. Na karanta masa takardar tsaf, na juya masa ita da Hausa, ban yi kuskure ko ɗaya ba.